Rasuwar Eriyar da Hannatou Ta Saita

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ta daina jin nauyinsa, ni Labaran Safiyanu, mutumin Damagaram mazaunin Dubai, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki cewa ranar Talata eriyar da ke saman motata ta rasu. Da safe fitilar akwatinta kore ce. Da azahar ta koma ja. Kafin la'asar ta ɗauke gaba ɗaya. Ina zaune a ƙarƙashinta da kofin shayi a hannu, kuma na shanye shayin.

Na tambayi limamin masallacin unguwarmu ko akwai abin da ake karantawa a irin wannan hali. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malam, roba ce fa da ƙarfe." Na ce masa na sani. Saboda haka ba za a ga aya a wannan sanarwa ba, ba kuma za a yi salla ba. Na yi shekaru ina koyar da adabi a lise, wato sakandare, kafin in zo nan in koma fassara takardun kargo. Na karanta waƙoƙin makoki cikin harsuna uku, na san wanda ake yi wa addu'a da wanda ake yi wa sanarwa kawai.

Ga waɗanda ba su yi zamani da ita ba: marigayiyar fara ce, mai faɗi kamar murfin kula, a ɗaure a kan bututun ƙarfe bisa rufin motar. Motar kuwa irin mai ɗaki a ciki ce, da gado da kicin da makewayi, wadda mu 'yan Nijar muke kira kampin-kar. A cikinta nake kwana, a ƙarshen filin kargo na Alhaji Mu'awiya da ke Ras Al Khor. Ofishin Alhaji yana can ɗaya ƙarshen, kuma a ofishin waifai yake. Tsakaninmu kwantenoni ne jere, ƙarfe kan ƙarfe, ko sallama ba ta ratsa su. Aikin marigayiya shi ne ta miƙa wuya ta leƙa ta tsakaninsu, ta jawo abin da ta samu, ta sauko da shi ta kebur ta tagar kicin. Da izinin Alhaji take yi. Na faɗi haka ne saboda masu son kai rahoto.

Ya kamata a sani tun yanzu cewa mutum biyu sun daɗe suna jiran wannan rasuwa, kuma dukansu mutanen kirki ne. Alhaji Mu'awiya yana son filinsa. 'Yata Zalika, da ke aure a Damagaram, tana son in tattara in koma gida. Duk lokacin da ɗayansu ya ɗago maganar, amsata ɗaya ce: motar ba ta motsuwa, don a nan kaɗai eriya take kamawa. Ranar Talata amsar ta bi eriyar. Har yanzu ban sami wata ba.

An haifi marigayiya a ƙasar Sin, kamar kusan duk abin da hannu yake taɓawa a garin nan. Ta shigo cikin kwantena, ta yi ɗan zama a wani shago a lungun kasuwar Naif tsakanin caja da fitilun hannu, har matata Hannatou, Allah Ya ji ƙanta, ta gan ta. Motar ma Hannatou ce ta gano ta. A lokacin muna Al Karama, a rabin ɗaki da aka raba da katako, inda in maƙwabci ya yi atishawa kai ne za ka yi masa addu'a. Wata rana ta dawo ta ce ta ga gida mai taya, wasu tsofaffin Turawa sun gama yawo za su koma ƙasarsu. Na ce mata ban bar ajin lise don in mutu a cikin mota ba. Ta ce, "To Malam, a rabin ɗaki kake son mutuwar?" Muka tare.

Hannatou tana sayar wa matan Damagaram abaya da jakunkuna ta waya. Ta ɗauki hoto a Naif ta tura, su zaɓa, su sake zaɓa, su fasa, su dawo. Sana'a ce da ba ta yiwuwa sai da rezo, wato siginar intanet, shi kuma rezo ba ya shiga motar, don jikinta ƙarfe ne, a tsakiyar ƙarfe. Kafin zuwan marigayiya, matata takan ɗauki kujera ta je ta zauna bakin ofishin Alhaji cikin zafin da ke narkar da takalmi, direbobi suna wucewa suna kallon ta. Eriyar ce ta dawo mini da matata cikin inuwa. Wannan shi ne alherinta na farko, kuma ko shi kaɗai ta yi, ya isa.

Sauran halayenta sananne ne ga duk wanda ya zauna da ita. Ba ta taɓa neman abinci ba in ban da 'yar wutar da ba ta kai ta ƙwan fitila ba. Ba ta da gulma, alhali duk sirrin gidanmu ta cikinta ya bi. Ita ta kawo hoton jikata ranar suna, ita ta kawo labarin rasuwar yayana, kuma yadda aka ba ta haka ta isar, ba ƙari ba ragi. Ta sha ranar Agusta a tsaye, ta sha gishirin iskar teku, ta sha kashin tattabaru, ba ta taɓa tambayar hutun shekara ko tikitin gida ba. Ban san ma'aikaci irinta a Dubai ba, ko da yake na san da yawa da ake so su zama irinta.

Ba ta da yawan magana. Idan iska ta taso daga teku takan yi ɗan fito siriri, fiii, ta yi shiru. Keburinta yakan bugi gilashin kicin, ƙwas, ƙwas, kamar baƙon da bai tabbata ana son sa ba. Idan aka juya ta a kan bututun takan ce ƙiiiƙ. Wannan na ƙarshen shi na fi sani, kuma sai na yi bayaninsa kafin a gane abin da aka rasa.

Irin wannan eriya ba ta kamawa ta ko'ina. Fuska gare ta, sai an juya fuskar ta kalli inda rezo yake fitowa, in ta ɗan kauce shi ke nan. A filin kargo kuwa ba abin da yake kwana inda ya wuni. Yau a ɗauke kwantena, gobe a jibge wasu, hanyar da rezo ya bi jiya ta toshe. Don haka kusan duk mako sai an sake saiti, kuma saiti aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya hau tsani da sufana, ya sassauta noti, ya riƙa juyawa a hankali. Ɗaya ya zauna ciki da waya a hannu yana kallon sandunan rezo, yana faɗa da ƙarfi. Na sama ba ya ganin waya, na ciki ba ya ganin eriya. Ni ne na sama.

"Ɗaya! Ɗaya! Biyu! A'a, ya gudu, koma! Uku! Malam, tsaya!"

A nan matsala ta ɓullo. Hannatou irin matan nan ce da ba sa kama sunan miji. Tun da aka kawo ta gidana ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Malam take ce mini, in tana fushi ta ja Malam ɗin ya ɗan yi tsawo. To a filin Alhaji Mu'awiya kowa Malam ne. Direba Malam, mai gadi Malam, har ɗan Pakistan da ke tuƙa motar ɗaga kaya ya koyi amsawa. Ranar farko da ta ƙwala "Malam, tsaya!" filin gaba ɗaya ya tsaya. Mai ɗaga kaya ya taka birki da firji a sama yana lilo. Wani mai yin baya da tirela ya kashe mota ya diro yana leƙa ƙarƙashi ko ya taka wani. Ni kaɗai ne ban tsaya ba, don injin esi mai sanyaya motar yana ruri a gefen kunnena.

Alhaji ya zo da kansa, da ladabinsa na Kanawa. Ya tsaya nesa da taga ya yi sallama, ya ce, "Hajiya, don girman Allah ki sama wa maigidanki wani suna. Wallahi in aka ci gaba a haka, wata rana firji zai sauka a kan mutum."

Ta gwada "Maigida", rabin filin suka waiwayo. Ta gwada "Mai eriya", na ce ban yarda ba. "Baban Zalika" kuma ba ta iya ba, don Zalika 'yar fari ce, ita ma ba a kama sunanta. Da mako ya zagayo, ina sama ina juyawa, rezo ya cika, ni ban sani ba na wuce wurin, sai na ji daga ƙarƙashin ƙafata, da wata murya da ban san tana da ita ba:

"Labaran! Tsaya!"

Na tsaya. Na ɗaure noti. Da na sauko na tarar tana wanke kofin da yake a wanke, ba ta dube ni ba. Ba mu yi maganar ba, a ranar ko bayanta. A ƙasa na ci gaba da zama Malam. Amma duk ranar saiti, in na hau sama, ina da suna.

Bara waccan Hannatou ta kwanta. Ciwon bai ja lokaci ba. Likitoci sun yi abin da suke yi, sun kuma yi shi da tsabta. Saitin ƙarshe da muka yi tana kwance ne a gado da wayar a kan ƙirjinta, muryar ba ta fita sosai, sai da na kashe esi kafin in hau. An binne ta a nan Dubai, a layi ɗaya da mutanen da ba ta san yarensu ba. Tun daga nan ban sake ɗora sufana a kan notin ba.

Na je wurin Alhaji na roƙe shi a bar wata 'yar hanya tsakanin kwantenoni, daga fuskar eriya zuwa tagar ofis, kada a ajiye komai a kai. Ya ce to. Ma'aikata suka sa wa hanyar suna layin Hajiya. Wuri ne da zai ci kwantenoni da dama, a garin da ko inuwa haya ake yi. Alhaji bai taɓa yi mini gori ba. Sai dai duk bayan 'yan watanni yakan tsaya a bakin layin ya auna shi da ido, ya ce, "Malam Labaran, ya jikin eriya?" In ce da sauƙi. Ya ce Allah Ya ƙara sauƙi, da muryar mai gaida tsohon da magada suka gaji da jira. Motar ma ba ta sake fita ba. Da can in sanyi ya shigo mukan je Hatta ko Fujaira mu kwana biyu. Yanzu tayoyinta sun zauna, wata kyanwa ta haihu a ƙarƙashinta har ta ga jikoki.

Jinyar marigayiya gajeriya ce, kuma ƙauna ce ta jawo ta. Makon jiya aka yi ta yaɗawa cewa ruwa mai ƙarfi yana tafe. Tun ambaliyar da ta cinye motoci a garin nan, ba wanda yake jin an ce hadari ya zauna. Ni ina Al Rigga wurin aiki. Mato, mutumin Maraɗi, shi ne babban mai ɗaurin kaya a filin, dattijo mai jikoki, kuma ya ci tuwon Hannatou fiye da kowa. Ya ɗaga kai ya ga eriyar Hajiya a tsaye ba ko mayafi, tausayi ya kama shi. Abu ɗaya Mato ya sani game da abin da ake so: a naɗe shi. Ya hau, ya ga ba ta naɗuwa da kyau a tsaye, ya kwance notin ya sauko da ita. Ya yi mata leda, ya yi mata kwali, ya ƙara leda, ya bi da salatif a tsaye da a kwance, yadda ake yi wa talabijin mai tafiya Agadas ta hanyar mota. Da ya gama, hannunsa ya kasa barin ƙunshi ba rubutu, ya ɗauki alƙalamin maka ya rubuta LABARAN, ZINDER, wato Damagaram, da lambar wayata. Sannan ya mayar da ita kan bututun ya ɗaure tam, tana kallon inda ya ga ya fi kyau.

Ya tare ni a bakin get yana murmushi. "Malam, kwantar da hankalinka. Ko teku ce ta taso, 'yar Hajiya ba za ta jiƙe ba. Wallahi ko kayan matar gwamna ban taɓa ɗaurewa haka ba."

Na ɗaga kai. Tana kallon bangon wata masana'antar tayil. Na ce masa sannu da aiki. Duk karatuna ban san abin da ake cewa bayan wannan ba.

Ruwan bai zo ba, in ban da yayyafin da bai kwantar da ƙura ba. Rana ce ta zo. Damshin da ke cikin iskar garin nan ya taru a cikin ledar ya rasa hanyar fita, rana ta dafa shi, ya bi ta ramin kebur ya shige cikinta. Fitila tana kore, alamar da sauran rai, amma ba ta kawo komai. Za a tambaya me ya hana ni hawa in kwance ta. Na sa ƙafa a tsani, na tuna in na kwance sai an saita, na sauke ƙafar.

Washegarin rasuwar Chamsou mai gyaran waya ya zo daga Naif ya buɗe cikinta. Ya leƙa, ya shinshina, ya girgiza kai. "Tonton, c'est fini. Khalas, ta ƙare. Cikin ya yi kore kamar miyar kuka. Amma ba damuwa, akwai sabuwa a shago, tana kamawa ta ko'ina. Ba saiti, ba hawa sama, ba ku buƙatar kowa." Na ce masa wannan ɗin na riga na samu. Shi a ganinsa damshi ne ya kashe ta, kuma shi ne masani. Ni a wajena ta rasu tun ranar da aka kwance notin, abin da ya biyo baya jinkirin sanarwa ne.

Ina roƙon jama'a kada a ga laifin Mato. Tun ranar yake zagayawa ta bayan kwantenoni don kada mu haɗu, kuma an ce mini ya daina cin abinci tare da mutane. A gaya masa ya dawo. Abin da ya iya ya yi. Mu ma da aka miƙo mana Hannatou a asibiti, abin da muka iya ke nan, muka naɗe ta da kyau.

Don in sanar da Zalika sai da na ɗauki kujera na je bakin ofishin Alhaji. Ta saurare ni har ƙarshe, ba ta yi dariya ba, Allah Ya yi mata albarka.

"To Baba, yanzu kuma me ya rage?"

Na ce akwai littattafai.

"Littattafai suna shiga kwali."

Na ce akwai kabarin mahaifiyarki.

Ta ce, "Baba, addu'a daga nan ma tana isa, kullum nake aikawa. Yaran nan sun taso ba su san ku ba sai a gilashi. Ƙaraminsu Kakan Waya yake ce muku."

Na ce zan duba. Ta ce, "Kun daɗe kuna dubawa." Bakin uwarta ta ɗauko, ba ta bar komai ba.

Marigayiya ta rasu ta bar ɗan akwati guda a kicin, wanda har yanzu yake neman ta in an kunna shi. Ta bar kebur, da bututu, da tsani mai gurguwar ƙafa, da sufanar da ta yi tsatsa a aljihun ƙofa. Ta bar tattabarun da suke zuwa da safe su yi shawagi su rasa wurin sauka. Ta bar hanya guda a tsakiyar fili wadda ba ta zuwa ko'ina yanzu. Ta kuma bar ni.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan la'asar, a bakin motar, ƙarshen filin Alhaji Mu'awiya. Likkafani ba a buƙata, Mato ya riga ya yi. Chamsou zai cire abin da ke da amfani a cikinta, sauran a kai kwandon da hukuma ta ware wa matattun kayan lantarki. Bututun na bar wa Mato ya yi shanya. Za a ba da shayi, kujeru kaɗan ne, mai zuwa ya zo da tabarmarsa. Kada a kawo mini sabuwar eriya. Kada kuma a ce Allah Ya mayar da mafi alheri, an faɗa mini haka wancan karon ma.

Bayan an tashi, Alhaji yana iya rufe layin Hajiya. Na gaya masa jiya. Ya ce, "Haba Malam, ai ba gaggawa," ɗan Pakistan kuwa ya riga ya tayar da injin. Motar wani ɗan Sudan ya zo ya gani ya ce yana so, shi da matarsa. Na nuna masa inda ake ɗaura eriya, ban ba shi shawarar wace iri ba. Littattafai Mato zai ɗaure. Ni zan biyo su Damagaram in wata ya kama.

Kafin a sauke bututun zan hau sama sau ɗaya, kuma kada kowa ya riƙe mini tsani. Akwai maganar da ta rage. Hannatou ta tafi tana ganin kunnena ya yi nauyi, har man zaitun ta sayo tana ɗiga mini, saboda duk ranar saiti sai ta kira, ta sake kira, ni ina ta juyawa, in wuce wurin in dawo in sake wucewa. A saitin ƙarshe ne kaɗai na tsaya a kira ɗaya, don na ji ba ta da ƙarfin na biyu. Na ajiye maganar sai mun tsufa, lokacin da za ta yi dariya maimakon ta rufe fuska.

Hannatou, kunnena lafiya lau yake. Tun kiran farko nake jin ki.